Uwar da Masu Karatu Suka Kasa Yanke wa Hukunci

Yarinya 'yar shekara bakwai tana tsaye a tsakiyar wani makeken falo, an ɗora mata littafi a ka. Ta yi taku uku, a na huɗu littafin ya zame ya faɗi. Matar da ke zaune a kujera ba ta ɗaga murya ba, ko kofin shayin da ke hannunta ba ta ajiye ba. Cewa kawai ta yi a sake daga farko, kuma ba abincin dare sai an iya. Mai zane ya lulluɓe idanunta da inuwa, ya zano ta daga ƙasa, ta yadda mai karatu zai riƙa hango ta kamar yadda yarinyar ke hango ta: doguwa, wuya a miƙe, fuska ba annuri.

Duk wanda ya ɗan jima yana karanta labaran zane na Koriya ta Kudu a waya ya ci karo da wannan mata fiye da sau ɗaya, ko da sunanta da launin gashinta sun sauya. Uwargidan wani babban basarake ce, galibi mai muƙamin diyuk, wanda daga gidan sarki sai shi. Makullan gida suna hannunta. Ita ke zaɓen malaman 'yarta da tufafinta da ƙawayenta, daga ƙarshe ta zaɓa mata miji. Da kishiyar uwa ce da babu wata jayayya, kowa zai tsine mata a wuce wurin. To amma ita ta haife ta, shi ya sa masu karatu suka dare gida biyu, kuma ko labari ya ƙare gardamar ba ta ƙarewa. Wasu sun ce azzaluma ce da ta mai da 'yar cikinta hajar kasuwa. Wasu sun ce ita kaɗai ce a gidan ta san irin ramin da ke gaban yarinyar. Na daɗe ina bin wannan ka-ce-na-ce, kuma abin da na lura da shi shi ne ɓangarorin biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Masu kare ta suna amsa tambayar me ya sa ta yi. Masu sukar ta suna amsa tambayar me aka yi wa yarinyar. Kowa ya faɗi gaskiya a kan tasa tambayar, sai ya ɗauka ya toshe bakin ɗan'uwansa.

Sai an san inda matar ta fito kafin a gane ta. Irin waɗannan labarai sunansu webtun, zane ne da aka tsara don a riƙa jan shi sama da yatsa a fuskar waya, maimakon buɗe shafi bayan shafi. Kamfanin Daum ya buɗe nasa dandalin a 2003, Naver ya biyo baya a 2004, KakaoPage kuma ya zo a 2013. Reshen da muke magana a kai Koriyawa na ce masa rofan, wato soyayya a duniyar almara, kuma da yawansu sun fara ne a matsayin rubutaccen labari na intanet kafin a mai da su zane. Duniyar tasu ta ari kamannin Turai ta ƙarni na 18 da na 19, da fadoji da keken doki da dogayen riguna da liyafar rawa, sannan aka zuba mata sihiri da dodanni da malaman haikali masu warkar da cuta da hannu. Jarumar takan shigo ta ɗaya daga hanyoyi uku: ko ta mutu ta dawo ƙuruciyarta tana tune da duk abin da ya faru, ko wata 'yar zamaninmu ta farka a jikin wata da ke cikin littafin da ta taɓa karantawa, ko a sake haifar ta a wata duniya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga batunmu, domin yarinyar da ke ɗauke da littafi a ka sau da yawa babba ce a jikin yarinya. Ta riga ta ga inda horon uwarta ya kai ta a rayuwar farko, gidan mijin da ya wulaƙanta ta ko dandalin da aka fille mata kai. Mai karatu ma ya gani. Saboda haka tun babin farko an riga an gaya masa cewa dabarar uwar ba ta yi aiki ba.

Masu karatu a Koriya suna da kalmomi biyu da suke auna labari da su, kuma na farkon Bahaushe zai gane shi nan take. Goguma shi ne dankalin Hausa. Wanda ya taɓa cin dafaffen dankali ba ruwa a kusa ya san yadda yake tokare ƙirji, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Haka suke kiran babin da ake cutar jaruma tana shiru. Na biyun shi ne saida, farin lemon kwalba mai gas, wato lokacin da ta buɗe baki ta rama, abin da ya tokare ya faɗa. Babu mai ɗura wa mai karatu dankali kamar wannan uwa, don haka ake ɗokin ranar da 'yar za ta dube ta ido cikin ido. Sai dai ramuwa a kan mugun waziri ko kishiya mai makirci daɗi ne tsantsa, ramuwa a kan mahaifiya kuwa da ɗaci a ƙarƙashinta. Wani zai karanta babin ya ji sanyi har zuciya, wani ya karanta ya ji kamar an tsinka uwarsa a bainar jama'a.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika kula da shi ba, wanda ya shafi kasuwa. A 2014 KakaoPage ya fito da tsarin nan na ka jira ka karanta kyauta: babi ɗaya zai buɗe maka bayan wani lokaci, galibi kwana guda, in ba ka da haƙurin jira sai ka biya. Babukan farko kuwa kyauta ne don a kama mutum. Marubuci ya san abin da ke kama mutum da sauri shi ne fushi, don haka duk muguntar uwar a gaba ake jibge ta, dalilinta kuma a ɓoye shi can nesa. Tunda zanen mako-mako yake fita, babi hamsin kusan shekara guda ke nan. Mutum ya shekara yana ƙin mace, sannan a ce masa ga wasiƙar da ta ɓoye a akwati, ga tabon da ke bayanta ita ma, ya sauya zuciya cikin babi biyu. Wasu za su iya, wasu ba za su iya ba. Ƙari a kan haka, masu gardamar ba wuri ɗaya suke tsaye ba. Wanda ya karanta rubutaccen labarin ya san ƙarshe, ya kuma ji zancen zucin uwar, wanda mai zane kan yanke don ba shi da wuri. Wanda ke biya yana gaba da mai jira. Mai karanta fassarar Turanci a dandalin Tapas, wanda kamfanin Kakao ya saya a 2021, ko a Tappytoon, yana bayan na Koriya da makonni ko watanni. Mutum uku na iya yin musu a kan mace ɗaya alhali kowannensu wata mace dabam ya sani.

Hujjar masu kare ta tana da ƙarfi, kuma ba na son a raina ta. Suna cewa a dubi gidan da take ciki. Duniyar da labaran suka ara tana da dokoki na gaske a tarihi. A Ingila, mace in ta yi aure dukiyarta ta koma hannun miji, sai da dokokin 1870 da 1882 suka sauya hakan. Kafin 1839 uwar da ta rabu da miji ba ta da wani haƙƙi a kan 'ya'yanta a gaban shari'a, dokar da aka yi a shekarar ma dama kawai ta ba ta ta roƙi kotu a bar mata waɗanda ba su kai shekara bakwai ba. Sarauta da ƙasa na babban ɗa namiji ne. In babu namiji, wani ɗan'uwan miji na nesa zai iya zuwa ya gaje gidan, matar mamaci da 'ya'yanta mata su tattara su fita. A irin wannan tsari garkuwar 'ya mace ɗaya ce, auren da ya dace, kuma tsegumi guda a wurin liyafa ya isa ya fasa ta. Gabatar da 'yan matan manya a gaban sarauta don a san sun isa aure al'ada ce da ta daɗe a Landan, sai a 1958 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta dakatar da ita. Uwar da ta san duk wannan, in ta ga 'yarta ta riƙe cokali ba daidai ba, abin da take hangowa ya wuce cokali. Tana hango ranar da mata za su haɗa kai a bayan mafici su yi dariya, gidajen da ke neman auren su janye. An ɗora mata aikin tsaron ƙofar gidan da ba nata ba, in abu ya lalace ita za a tuhuma, in ya yi kyau sunan maigida za a ambata. Masu wannan ra'ayi sukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na yarda da kusan duk wannan. Inda na rabu da su shi ne inda suke cewa ba ta da zaɓi, kuma tarihin da suke kafa hujja da shi ne ya raba mu. Mariya Tereza ta Ostiriya ta haifi 'ya'ya 16, kuma mulki a hannunta yake, ba a hannun wani maigida ba. A 1770 ta aika 'yar autarta mata, Mari Antuwanet, tana da shekara 14, ta auri magajin sarautar Faransa don ƙulla zumunci tsakanin ƙasashen biyu. Ba su ƙara ganin juna ba har uwar ta rasu a 1780. A tsawon shekarun nan goma wasiƙu ba su yanke ba, cike da faɗa a kan hawan doki, da ado, da wanda ta yi wa magana da wanda ta ƙi yi wa, da jinkirin samun magaji. Jakadanta a Faransa, Mercy-Argenteau, yana aika mata rahoton sirri a kan yarinyar. Ana iya cewa siyasa ce ta tilasta. Amma wannan uwa ɗin ce ta bar 'yarta Mariya Kiristina, wadda ta fi so, ta auri wanda zuciyarta ke so a 1766, sannan ta hana Mariya Amaliya nata zaɓin ta aurar da ita ga basaraken Parma a 1769, abin da ya ɓata tsakaninsu har ƙarshe. Ashe ƙofar tana buɗuwa, wa ake buɗe wa ne maganar. Haka abin yake a labaran zanen. Kusan kullum akwai wani ɗa ko wata 'ya a gidan da ake yi wa murmushi, kuma jarumar tana kallo.

Wani abin da ke ƙara wa gardamar zafi shi ne, duk da doguwar rigar Turawan da aka sa mata, matar nan Bakoriya ce a ciki. Marubutan 'yan Koriya ne, masu karatun farko ma haka, mafi yawansu mata. Ƙasarsu ta yi fiye da shekara 500 ƙarƙashin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, inda gidajen manya da ake kira yangban ke riƙe martabarsu ta hanyar cin jarrabawar shiga aikin sarki, har aka soke ta a 1894. Ana koya wa mace biyayya uku, ga uba tana yarinya, ga miji tana aure, ga ɗa in ta tsufa, kuma rashin haihuwar namiji na cikin dalilai bakwai da za a iya sakin ta. Abin lura shi ne shahararren littafin tarbiyyar mata na wancan zamani, Naehun, mace ce ta rubuta shi a 1475, Sarauniya Sohye, mahaifiyar Sarki Seongjong. Mace ce ta zauna ta tsara wa mata yadda za su sunkuya. Kuma abin bai yi nisa da yau ba kamar yadda ake zato. Tsarin rajistar iyali da ya sa namiji shugaban gida a doka sai a 2005 kotun tsarin mulki ta ce ya saɓa, aka daina aiki da shi a farkon 2008. Sashe na 915 na dokar farar hula, wanda ya ba iyaye ikon horon 'ya'ya kuma ake fakewa da shi wajen duka, sai a Janairun 2021 aka cire shi. Jarrabawar shiga jami'a ta Suneung, da ake yi duk watan Nuwamba, nauyinta ya kai a dakatar da tashi da saukar jirage kusan rabin sa'a lokacin da ɗalibai ke sauraron Turanci. Unguwar Daechi a Seoul ta yi suna da makarantun ƙarin darasi, inda iyaye mata ke jera motoci da dare suna jiran 'ya'yansu. Budurwar da ta tashi a haka, in ta ga yarinya da littafi a ka an hana ta abinci, ba Turai take gani ba. Takardar sakamakonta take gani a hannun mahaifiyarta. Shi ya sa masu suka ke magana da zafin da ya fi ƙarfin labarin almara, kuma shi ya sa hujjar tarihi ba ta sanyaya su. Sun riga sun san uwarsu tana son su. Sanin bai rage musu komai daga abin da suka ji a jikinsu ba.

A nan nake tsaye. Fahimtar dalilin mutum abu ɗaya ne, wanke shi wani abu ne dabam, kuma mafi yawan rigimar daga cakuɗa su take tasowa. Ina iya gane tsoron da ya sa uwa ta kulle 'yarta a ɗaki mai duhu, in tausaya mata ma, ba tare da na ce yarinyar ba ta kwana tana kuka ba. Ma'aunin da nake amfani da shi kuwa guda uku ne, ko da yake na ukun ya fi nauyi. Shin horon ya tsaya a kan abin da zai kare yarinyar, ko ya zarce zuwa abin da zai kare sunan uwar? Shin ta bar mata wani mutum ko ɗaya da za ta jingina da shi, ko duk wanda yarinyar ta shaƙu da shi sai an kore shi, daga mai raino har kare? Sannan, ranar da hatsarin ya gushe, 'yar ta yi ƙarfi ba mai iya taɓa ta, uwar ta saki linzami ko ta ƙara ja?

Labarin Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya amsa tambayoyin nan uku a rayuwa ta gaske. Mahaifinta ya rasu a 1820 tana da wata takwas, ya bar uwar, Bajamushiya baƙuwa a Ingila, da bashi da dangin miji da ba sa ƙaunarta. Tsoronta na da tushe. Amma ita da mai kula da harkokin gidanta, John Conroy, suka shimfiɗa wa yarinyar tsarin da ya raba ta da kowa. A ɗakin uwarta take kwana har ta kai shekara 18, ba ta sauka matakala sai an riƙe mata hannu, ba ta ganin kowa sai da mai sa ido. A 1835, tana kwance da zazzaɓi mai tsanani, aka matsa mata ta sa hannu a takardar da za ta mai da Conroy sakatarenta in ta hau mulki, ta ƙi. Masu kare uwar za su ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma uwar na tsaye a wurin. Da Biktoriya ta hau gadon sarauta a 1837, cikin abubuwan farko da ta nema akwai a bar ta ita kaɗai na sa'a guda, da a fitar da gadonta daga ɗakin uwarta. Daga baya sun shirya, bayan ta yi aure ta haihu. Da uwar ta rasu a 1861, Biktoriya ta karanta takardunta ta ga irin son da take mata, baƙin ciki ya kusa kayar da ita. Son gaskiya ne, kurkukun ma gaskiya ne, kuma ɗaya bai goge ɗaya ba.

Duk da haka akwai wurin da nake komawa bayan masu kare ta baki ɗaya, wato idan aka zo kan iyaye maza. Rofan cike yake da uba mai zuciyar dutse, sarkin da ya ƙone garuruwa ko basaraken arewa mai dusar ƙanƙara wanda ya yi shekaru bai leƙa ɗakin 'yarsa ba, a wasu labaran ma shi ya kashe ta a rayuwar farko. Wannan uba, ranar da ya ɗauki yarinyar a kafaɗa ko ya yi ƙoƙarin ɗaure mata gashi hannunsa na rawa, shi ke nan, masu karatu sun narke. Akwai reshe guda na labaran da aka gina kacokan a kan raino irin wannan. Uwa kuwa mari ɗaya ya isa a riƙe ta da shi har babin ƙarshe. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ba a tsammanin komai daga uba, don haka ɗan abin da ya yi sai ya zama kyauta, ita kuwa ana tsammanin komai, ɗan abin da ta rage sai ya zama laifi. Mai zane ma da hannunsa a ciki, domin uban ana zana shi saurayi kyakkyawa kamar jarumin soyayya, ita kuma a ƙanƙance mata ido a matse mata leɓe. Sannan a mafi yawan labaran uwa ta gari matacciya ce, ta rasu wurin haihuwa ta bar hoto a bango da sarƙa a akwati. Rayayyar uwa da wannan hoton ake gwada ta, wanda bai taɓa gajiya ba, bai taɓa jin tsoro ba, bai taɓa zama da miji mai kwarkwara ba. Wanda ya yafe wa uban da ya yi kisa ya ƙi yafe wa uwar da ta hana abincin dare, ya kamata ya tambayi kansa da wane mudu yake awo.

Mu da muke karantawa da idon Hausa muna shigowa da namu kayan. An raine mu da cewa ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun san uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba don ƙi ba sai don kunya. Saboda haka idan muka ga matar nan ta kau da kai daga 'yarta, zuciya takan yi saurin ba ta uzuri, mu ce ai alkunya ce. Amma akwai bambanci babba. Uwar da ke kunyar ɗan fari ba ta tare hanyar masu son sa. Kaka na nan tana shagwaɓa shi, goggo da inna na nan, wani lokaci ma riƙonsa ake bai wa wata, kuma kowa a gidan, har shi yaron, ya san ma'anar shirun. Ita kuwa uwar labarin shirunta ba mai fassara wa yarinyar shi, kuma duk wanda ya yi yunƙurin cike gurbin sai ta sallame shi. Haka nan addinin da ya hana mu ce wa iyaye ko da tir, shi ne ya zo da labarin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar ba da son ranta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Girman haƙƙin iyaye bai taɓa nufin ɗa ba shi da nasa ba.

Inda marubuta da yawa ke faɗuwa shi ne wurin kwance ƙullin. Akwai reshen da Koriyawa ke kira labarin nadama, inda dangin da suka cuci jaruma ke dawowa suna rarrafe. Da yake duniyar ta sihiri ce, hanyar zamba a buɗe take. Sai a ce ashe asiri aka yi wa uwar, ko wata la'ana ce ta sa in ta nuna so yarinyar za ta mutu, ko mugun malamin haikali ne ya juya mata tunani. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin an ɗauke laifin daga kan mutum an ɗora wa iska, kuma budurwar da ta ga rayuwarta a cikin labarin an bar ta hannu rabbana, tunda tata uwar ba wanda ya yi wa asiri. Wata zambar ita ce a sa uwar ta tare kibiya ta mutu a hannun 'yarta. Mutuwa ta biya bashi, ba a yi maganar da ya kamata a yi ba, kuma yarinyar ba ta da sauran ikon yin fushi. Abin da nake nema, kuma ba kasafai nake samu ba, shi ne uwar da za ta rayu, ta ambaci abin da ta yi da sunansa, a inda faɗin zai ci mata mutunci, ba tare da ta miƙa hannu tana jiran a ce an yafe ba.

An taɓa yin haka a zahiri. Alva Vanderbilt, matar ɗaya daga manyan attajiran jirgin ƙasa na Amurka, ta raini 'yarta Consuelo da sandar ƙarfe ɗaure a gadon baya don ta miƙe, da bulala kan ƙaramin laifi. Yarinyar na son wani, uwar ta tsare ta a gida, ta yi barazana, ta kwanta ciwon da aka ce zuciya ce har sai da Consuelo ta sallama. A Nuwamban 1895, tana da shekara 18, aka ɗaura mata aure a New York da basaraken Marlborough na tara, mai fadar Blenheim a Ingila, shi yana bukatar kuɗin gyaran fada, uwar tana bukatar sarauta a gidanta. Auren bai yi daɗi ba. Suka rabu da zama a 1906, saki ya tabbata a 1921, Consuelo ta auri wani Bafaranshe matuƙin jirgin sama, Jacques Balsan. Da cocin Katolika ta zo binciken auren farko don a warware shi daga tushe, ana bukatar shaidar cewa dole aka yi. Alva, wadda a lokacin ta zama jigo a fafutukar bai wa mata 'yancin zaɓe kuma tana da sunan da za ta kare, ta ba da shaida cewa ita ta tilasta wa 'yarta, kuma ikonta a kanta cikakke ne tun farko. Aka warware auren a 1926, labarin ya bazu a jaridu. Shekara 31 ke nan bayan ɗaurin auren, Consuelo na dab da cika hamsin, 'ya'yanta biyu maza sun zama manya. Alva ta ƙarasa rayuwarta a Faransa kusa da ita, ta rasu a Paris a 1933.